Kare tushen gadoji daga ƙwaƙular ruwa a gulabe da ƙoramun Nijar

1. Gabatarwa

Mai binciken lafiyar gada da ya sauka cikin Gulbin Maraɗi ko Majiya a watan Maris, abin da zai tarar shi ne yashi shimfiɗe sumul, ginshiƙai a tsaye, da sawun dabbobi da na amalanke a tsakaninsu. Zai dubi kankare ko ya tsage, ya dubi ƙarfe ko ya yi tsatsa, sa'an nan ya rubuta cikin rahotonsa cewa tushe lafiya lau yake, tun da bai ga rami ba. Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu nuna cewa wannan hukunci ba shi da madogara. Ramin da ruwa ke haƙawa a ƙasan ginshiƙi yana kai matuƙar zurfinsa ne lokacin da gulbi ya cika ya batse, lokacin da ba mai iya zuwa kusa, kuma ruwan da kansa ne ke maido da yashi ya rufe shi idan ya fara janyewa. Ke nan shirin kare gada da ya dogara ga abin da ido ke gani da rani ya dogara ne ga shaidar da ruwa ya riga ya shafe.

Kafin mu shiga bayani ya kamata mu daidaita kalmomi. Abin da injiniyoyi ke kira affouillement da Faransanci mun fassara shi da ƙwaƙula, muka bar zaizaya ga cin ƙasa na gaba ɗaya, irin na gonaki da na gaɓar kogi. Dalilinmu shi ne ƙwaƙula tana nuna ɗebe abu kaɗan-kaɗan daga wuri guda har ya yi rami, kamar yadda ake ƙwaƙule cikin duma a yi ƙwarya. Ginshiƙi shi ne pile. Madogarar gaɓa ita ce culée, wato ginin da kan gada ke zaune a bisansa a kowane ɓangare. Turaku su ne pieux, dogayen sandunan kankare ko na ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa su ɗauki nauyin ginshiƙi. Mun yi amfani da kalmar gada ko'ina, ko da yake kadarko ma ana jin sa a wurare da dama.

2. Yadda ruwa ke haƙa

Ruwan gulbi ba ya gudu da sauri ɗaya daga sama har ƙasa. Na sama ya fi sauri, na kusa da ƙasa kuwa gogayya da yashi tana rage masa gudu. Idan ya ci karo da ginshiƙi sai ya tsaya a goshinsa, kuma matsin da wannan tsayawa ke haifarwa ya fi ƙarfi a sama, inda gudun ya fi yawa. Bambancin matsin ne ke tura ruwan ya gangara bisa fuskar ginshiƙi zuwa ƙasa, kamar an kafa bakin tiyo ana fesa wa yashi ruwa. A ƙasan sai ya naɗe ya zama juyi, juyin ya rungumi ginshiƙin ta gaba ya miƙa hannuwa biyu ta gefuna, siffarsa kamar kofaton doki. Wannan juyi shi ne babban mai haƙa. A bayan ginshiƙi kuma akwai wasu ƙananan juye-juye masu tsaye, irin guguwar rani, da ke tsotsar yashin da aka tayar su yi gaba da shi. Shi ya sa ramin ya fi zurfi a gaban ginshiƙi, ta inda ruwa ke fitowa, abin da kan ba mutane mamaki, domin a zatonsu ta baya ne ruwa ke ci.

Tsawon lokacin da ramin ke ɗauka ya danganta da irin ƙasar. A cikin yashi da tsakuwa awoyi kaɗan sun isa, laka mai danƙo takan ɗauki kwanaki, dutse mai taushi kuma watanni ko shekaru. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin akan ji ana cewa ruwan ƙorama mai wucewa ne, yini ɗaya ya ƙare, ba zai samu lokacin yin ɓarna ba. A cikin yashi yana samu.

Masana sun raba wannan ƙwaƙula gida biyu. Idan gudun ruwa bai kai ya motsa yashin gulbi gaba ɗaya ba, sai na gefen ginshiƙi kaɗai, ramin yana girma a hankali, kuma yana nan buɗe bayan ruwa ya wuce, tun da babu yashin da ke zuwa daga sama ya cika shi. Idan kuwa gudun ya wuce wannan iyaka, wadda Shields ya tsara yadda ake lissafa ta tun 1936, to ƙasan gulbin duka tafiya yake yi, yashi na shiga ramin yana fita. Muddin ruwa na ƙaruwa, fitar ta fi shigar yawa. Da ya fara raguwa sai lamarin ya juye, ramin ya cike. Gulabenmu masu yashi mai laushi, kowace babbar cika tana iya jefa su cikin hali na biyu. Yashin da ya cika ramin sako-sako ne, ba ya riƙe turaku kamar ƙasar asali, kuma cika ta gaba za ta kwashe shi cikin sauƙi fiye da ta farko.

Ƙwaƙular gefen ginshiƙi ba ita kaɗai ke aiki ba. Gada kusan kullum tana matse gulbi, domin kowace mita da aka ƙara wa tsawonta kuɗi ce, sai a cike fadama da ƙasa daga ɓangarori biyu a bar ƙofa a tsakiya. Ruwan da ya saba bazuwa dole ya bi ta ƙofar, gudunsa ya ƙaru, ya haƙa ƙasan ƙofar baki ɗaya har ya samu faɗin mashiga da ya ishe shi. Ban da wannan, ƙasan gulbi kan sauka a cikin shekaru bisa tsawon kilomitoci, saboda ɗibar yashi ko saboda madatsa da ta tare yashi a sama. Gulbi kuma yana iya sauya hanya ya karkata zuwa gefe. Injiniya yana tara zurfin waɗannan ne, ɗaya bisa ɗaya, kafin ya ce ga inda tushe zai tsaya.

3. Misali na lissafi

Bari mu ɗauki misalin da muka ƙaga domin koyarwa, ba na wata gada da ake da ita ba. Gulbi ne mai faɗin mita 120 a lokacin cika, zurfin ruwa mita 2, gudunsa mita 1,5 a sakan. Yawan ruwan da ke wucewa ke nan 360 m³/s. An yi gada mai ƙofar mita 60. Bisa ƙa'idar Laursen ta 1960, rage faɗi da rabi yana ninka zurfi kusan sau ɗaya da rabi, wato ruwan ƙarƙashin gada zai kai wajen mita 3 da gudun mita 2 a sakan. Mita guda ta ƙasa ta riga ta tafi kafin a yi zancen ginshiƙi. Da an tambayi tsohuwar ƙa'idar Lacey ta 1930, wadda aka fitar daga magudanan noman rani na Indiya, da ta ce gulbi mai wannan ruwa yana son faɗin da ya kai 4,75 sau tushen murabba'in 360, wato wajen mita 90.

Game da ginshiƙi, ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Jami'ar Jihar Kolorado, wadda hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta sa cikin littafinta HEC-18:

z = 2,0 × K1 × K2 × K3 × h × (b/h)^0,65 × F^0,43

A nan z zurfin rami ne, h zurfin ruwa, b kaurin ginshiƙi, F lambar Froude, wato gudun ruwa a raba da tushen murabba'in (9,81 × h). K1 na siffar goshin ginshiƙi ne, K2 na karkatar ruwa, K3 na halin ƙasan gulbi. Idan b mita 1,5 ce, goshin zagayayye ne (K1 = 1), ruwa na zuwa kai tsaye (K2 = 1), K3 kuma 1,1, to F ya kama 0,37, z ya kama mita 2,7. A haɗa da mitar farko, an doshi mita 4 ƙasa da yashin da ake takawa da rani.

Abubuwa biyu ne muke son ɗalibai su lura da su a nan. Na farko, kaurin ginshiƙi ya fi zurfin ruwa tasiri. Gwaje-gwajen da aka yi tun daga Laursen da Toch a 1956 har zuwa Melville da Sutherland a 1988 sun nuna ramin zagayayyen ginshiƙi yana iya kaiwa wajen sau 2,4 na kaurinsa. Saboda haka kututturan itace, karan hatsi, ledoji da kainuwa da ke maƙalewa a goshin ginshiƙi ba ƙazanta kaɗai ba ne, ƙarin kauri ne, kuma ramin yana bin sabon kaurin. Na biyu, karkata. Idan ginshiƙin nan doguwar katanga ce mai tsawon mita 6, kuma gulbi ya sauya hanya har ruwa ya zo masa a karkace da digiri 30, K2 ya zama 2, ramin ya tashi daga mita 2,7 zuwa 5,4. Ba a ƙara ɗigon ruwa ko ɗaya ba.

Ya kamata a faɗa cewa waɗannan ƙa'idoji an fitar da su ne daga ƙananan magudanai na ɗakin gwaji, da yashi mai ƙwaya iri ɗaya da ruwa mai gudu ba sauyi. Sau da yawa sukan wuce abin da ake aunawa a fili. A ganinmu wannan ba hujja ba ce ta rage sakamakonsu da ka, muddin babu awon gida da za a dogara da shi.

4. Gadojin da suka faɗi

Mafi yawan abin da aka sani a fannin nan daga gadojin da suka ruguje aka koye shi. A ranar 9 ga Afrilu 1978 wani sashe na gadar Wilson a birnin Tur na Faransa, gadar dutse ta ƙarni na 18 bisa kogin Luwar, ya rufta. Ba a rasa rai ba, amma bututun ruwan sha da ke bin gadar ya katse, mutane fiye da dubu ɗari suka rasa ruwa. Tushen gadar na turakun itace ne, kuma ƙasan kogin ya daɗe yana sauka saboda ɗibar yashi da tsakuwa. A ƙasar Fotugal, daren 4 ga Maris 2001, ginshiƙin gadar Entre-os-Rios bisa kogin Duro ya kife da motar safa da ƙananan motoci uku, mutum 59 suka mutu. Nan ma ɗibar yashi na shekaru tana cikin dalilan da aka kawo.

Gadar rafin Skohari a jihar Niyok ta Amurka ita ce ta fi dacewa da batunmu. An buɗe ta a 1954, ginshiƙanta zaune bisa daɓen kankare marar turaku, an kewaye su da duwatsun kariya. A 1955 ta tsallake ambaliyar da ta fi wadda ta kayar da ita girma. Sai a ranar 5 ga Afrilu 1987 ta faɗi, mutum 10 suka mutu. Hukumar bincike ta gano cewa duwatsun sun yi ta tafiya kaɗan-kaɗan cikin shekaru talatin ba a mayar da su ba, kuma ba a duba abin da ke ƙarƙashin ruwa ba. Ke nan tsallake babbar ambaliya ba shaidar lafiya ba ce, mai yiwuwa ma ita ce ta fara kwashe kariyar. Shekaru biyu bayan haka, ranar 1 ga Afrilu 1989, gadar kogin Haci a jihar Tenesi ta faɗi da mutum 8. A can kogin ne ya matsa gefe da wajen mita 25 tun gina gadar, ya cim ma ginshiƙan da aka yi wa gajeren tushe saboda a lokacin gini a kan fadama suke. Bayan faɗuwar gadar Skohari ne Amurka ta wajabta auna haɗarin ƙwaƙula ga gadojinta, aka fitar da HEC-18 a 1991.

Mutanen Maraɗi ba sai an gaya masu ƙarfin gulbi idan ya bar hanyarsa ba: ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da garin daga kwari aka mayar da shi bisa tudu.

5. Ruwan da aka lissafa da ruwan da ke zuwa

Duk lissafin sashe na 3 ya rataya ne a kan lamba ɗaya, yawan ruwan cika. A ƙananan ƙoramu da ba su da tashar awo, injiniyoyin ƙasashenmu sun daɗe suna samo ta daga hanyar Rodier da Auvray ta ORSTOM (1965), da hanyar CIEH ta Puech da Chabi-Gonni (1983), waɗanda aka sake dubawa aka tattara cikin littafin FAO mai lamba 54 a 1996. Aiki ne mai daraja, amma babban sashe na awon da ke ƙarƙashinsa an yi shi ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da dazuzzuka da saurukan Sahel ke rufe da itatuwa da ciyawa.

Tun daga farin shekarun 1970 da 1980 ƙasar ta sauya. An sare itatuwa, an faɗaɗa gonaki, hutun gona ya ragu, ƙasa ta yi fako, ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake yi. Jean Albergel ya nuna a Burkina Faso tun 1987 cewa ruwan sama ya ragu amma ruwan ƙoramu ya ƙaru, kuma Luc Descroix da abokan aikinsa sun bi sawun wannan al'amari a yammacin Nijar. Ana ganin sakamakonsa a Yamai. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara: jar cika ta Agusta da Satumba, wadda Gorwal, Dargol da Sirba ke kawowa, da baƙar cika ta lokacin sanyi mai zuwa daga Gini. A da baƙar ce babba. Kogin da ya daina gudu a Yamai a watan Yuni 1985, jar cikarsa ta kai 2492 m³/s a Agusta 2012, sa'an nan ta kai 3398 m³/s a Satumba 2020, abin da ba a taɓa aunawa ba tun buɗe tashar a 1929. Gadar Kennedy, mai tsawon mita 710, an buɗe ta a 1970, tun kafin wannan sauyi. Ba muna cewa tana cikin haɗari ba ne. Muna cewa duk ginin da aka lissafa da awon wancan zamani, babba ko ƙarami, ya cancanci a sake duba lissafinsa, kuma ƙananan gadojin ƙoramu sun fi bukatar haka, domin tushensu ya fi gajarta.

Wani zai ce ai matsalar kogunanmu cikewa da yashi ce, ina ruwanmu da haƙa? Abin lura shi ne tudun yashi da ya toshe ƙofofi biyu daga cikin biyar ya tura ruwan duka ta ukun da suka rage, kuma sau da yawa a karkace. Cikewa a nan ita ke jawo ƙwaƙula a can. Haka kuma madatsa. Gulbin Maraɗi yana da madatsar Jibiya a samansa, cikin jihar Katsina ta Nijeriya. Abin da aka sani game da madatsu gaba ɗaya shi ne suna rage tsananin cika, amma suna tare yashi, kuma ruwan da ya fito ba kaya yakan nemi kayansa daga ƙasan gulbi. Wanne ne ya rinjaya a wata gada ta musamman, awo ne kaɗai zai faɗa.

6. Hanyoyin kariya

Ga sabuwar gada, kariya ta gaskiya ita ce zurfin tushe. A lissafa ramin, a ɗauka cewa duk ƙasar da ke samansa babu ita, a tabbatar turakun da suka rage a ƙasa za su ɗauki nauyi kuma ba za su lanƙwashe ba. Ginshiƙai su zama sirara, zagayayyu, kuma a yi wa na fadama tushe daidai da na tsakiyar gulbi. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda a rage zurfin tushen sabon ginshiƙi da hujjar za a zuba duwatsu ba, kuma muna ganin ta yi daidai. A ƙananan ƙoramu masu faɗi da yawan sauya hanya, sau da yawa radiye, wato daɓen kankare da ruwa ke bi ta kansa, ya fi gajeriyar gada aminci, in dai an yi masa katangar ƙarƙashin ƙasa mai zurfi ta ɓangaren da ruwa ke sauka. Jiran awoyi kaɗan a bakin ƙorama ya fi sauƙi a kan katsewar hanya ta watanni.

Ga gadar da ta riga ta tsaya, abin da aka fi yi shi ne shimfiɗar duwatsu, enrochement. A nan ne aka fi yin kuskure, domin aikin yana kama da mai sauƙi: kamiyo ya zo ya juye dutse a gefen ginshiƙi. Girman dutsen ana samo shi ne daga ƙa'idar Isbash ta 1936, a siffar da ake amfani da ita ga ginshiƙai:

d = 0,692 × (K × V)² / [2 × 9,81 × (s − 1)]

V gudun ruwa ne, K 1,5 ne ga zagayayyen goshi, 1,7 ga mai kusurwa, s kuma nauyin dutse idan an gwada shi da na ruwa. Da s = 2,65 da gudun mita 2 a sakan, matsakaicin dutse zai zama mai faɗin wajen santimita 20, nauyinsa kilo 11. Idan gudun ya kai mita 3, faɗin ya zama santimita 43, nauyin ya haura kilo 100. Ƙarin rabi a gudu ya ninka nauyin dutse sau goma. Wanda ya yi kuskure kaɗan a kimanta gudu ya yi babban kuskure a dutse.

Irin dutsen ma abin dubawa ne. Ƙaƙƙarfan dutse irin giranit ana samun sa a Liptako, a Damagaram da Muniyo, da kudancin Maraɗi wajen iyaka. A sauran wurare da dama abin da ke kusa marmara ce, kuma tsadar jigila tana sa a koma gare ta. Marmara tana da ramuka, ƙarfinta ya bambanta daga mahaƙa zuwa mahaƙa, wata tana farfashewa tun wajen juyewa. In muka ɗauka s ɗinta 2,2 ne, ƙa'idar ta ce a ƙara faɗin dutse da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ba mu hana amfani da ita ba, amma a auna nauyinta da ƙarfinta kafin a sa hannu a kwangila.

Shimfiɗar ta miƙa aƙalla ninki biyu na kaurin ginshiƙi ta kowane gefe, kaurinta ya kai sau uku na matsakaicin dutse. Kada a tara ta tuli, domin tulin dutse ƙarin kauri ne ga ginshiƙi. Samanta ya yi daidai da ƙasan gulbi ko ya ɗan nutse. Abin da aka fi mantawa shi ne matata. Manyan duwatsu bisa yashi mai laushi, ruwa yana zare yashin ta tsakankaninsu, su nutse ɗaya bayan ɗaya ba tare da ko ɗaya ya gangara ba. Dole a shimfiɗa tsakuwa mai hawa-hawa ko yadin tacewa, géotextile, a tsakani. A kogin da ba ya ƙafewa wannan aiki ne mai wuya, sai da jirage da masu nutso. A gulabenmu kuwa watanni da yawa na shekara ana iya haƙa da shebur a busasshiyar ƙasa, a shimfiɗa matata da hannu, a jera dutse ana gani. Wannan gata ce da injiniyan Luwar ba shi da ita.

Gabiyo, wato kejin waya cike da ƙananan duwatsu, ma'aikatanmu sun ƙware da shi, musamman a Adar tun aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984. Amfaninsa shi ne yana aiki da ƙaramin dutse, kuma yana lanƙwashewa ya bi ƙasa idan gefensa ya fara zurma. Rauninsa waya ce: yashin da ruwa ke ja yana goge ta har ta tsinke, wani lokaci kuma hannun mai neman wayar shinge ne ke riga yashin. Ya fi dacewa da madogarar gaɓa da ganuwar da ke jagorantar ruwa zuwa ƙofa, a kan goshin ginshiƙi inda gogar ta fi tsanani. Daɓen kankare ƙarƙashin gada yana da kyan gani, sai dai ba ya lanƙwashewa, ruwa yana iya yin kogo a ƙarƙashinsa ba wanda ya sani sai ranar da ya karye.

Ɗibar yashi kusa da gada batu ne na hukuma da na abincin mutane, ba na lissafi kaɗai ba. Ramin da masu kamiyo da amalanke suka bari a ƙasa da gada yana cin gaɓarsa ta sama yana matsowa damana bayan damana. Hani na baki ba ya aiki idan ba a nuna masu wani wurin ba, kuma sau da yawa wurin yana nan kusa: tudun yashin da ya toshe ƙofofin gefe, wanda kwashe shi ma taimako ne, in an yi shi ƙarƙashin kulawar injiniya.

7. Awon abin da ba a gani

Akwai wata dabara mai arha da Leopold da abokan aikinsa suka yi amfani da ita a busassun ƙoramun Niyu Meziko, suka bayyana sakamakonta a 1966. Da rani a haƙa rami ko a kafa bututu, a saukar da sarƙar ƙarfe a tsaye da nauyi ɗaure a ƙasanta, a cike da yashi, a rubuta tsawonta da matsayinta daga wata alama da ke jikin gada. Idan cika ta zo ta kwashe yashi, sashen sarƙar da ya fito fili zai kwanta ya bi ruwa, sa'an nan sabon yashi ya binne shi a kwance. Bayan damana a tone. Inda sarƙar ta lanƙwasa, nan ne iyakar zurfin da ruwa ya kai, kuma yashin da ke samanta shi ne abin da ya maido. Kusa da ginshiƙi ana iya kafa sandar ƙarfe da zobe mai nauyi da ke zamewa ƙasa yayin da yashi ke tafiya, ba ya kuma hawowa. Kan sarƙa ko na sanda a bar shi ƙasa da yashi da taƙi guda, saboda masu tsintar ƙarfe.

Sarƙoƙi biyar ko shida a jere bisa faɗin gulbi, da ma'aunin ruwa da ke riƙe alamar cika mafi tsawo, sun isa aikin digiri na biyu. Idan aka maimaita a gadoji goma na hanyar Yamai zuwa Damagaram cikin damana uku, za a samu abin da za a gwada ƙa'idar Kolorado da shi a yashin gida. A kogin Isa sarƙa ba za ta yi ba. A can sai na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa daga kwalekwale, ko nauyi da igiya daga saman gada, kuma a yi awon a tsakiyar jar cika, ba a watan Mayu ba.

Awon ba shi da amfani idan ba a san zurfin tushen da za a gwada shi da shi ba. Kowace gada tana bukatar fayil mai ɗauke da zanen gininta na ƙarshe, zurfin tushe, da siffar ƙasan gulbi shekara-shekara. Gadar da takardunta suka ɓace, a tone gefen ginshiƙi ɗaya da rani a gani, ɓangare-ɓangare kuma da tokara, a mayar da ƙasa a daddaɓe kafin ruwan farko. Daga waɗannan lambobi ne ake fitar da tsawon ruwan da, in ya kai, ramin da aka lissafa ya kusa ƙarshen tushe. A shafa jan layi a wannan tsawo a jikin ginshiƙi inda ake hange daga gaɓa, a sanar da jandarmomi da mai garin da ke kusa cewa idan ruwa ya taɓa layin a tsayar da motoci, kuma kada a buɗe hanya don ruwa ya sauka kawai, sai an soka sanda a gefen ginshiƙan an ji ƙasa.